Tsuntsun Da Ke Neman Aure A Dandali

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan darasi zan yi bayani ne a kan wani tsuntsu mai kama da zabo, wanda Turawa ke kira sage grouse. Ana samunsa a yammacin Amurka, musamman jihar Wyoming, da kuma kudancin Kanada.

Daga watan Maris zuwa Mayu, mazan kan taru da asuba a wani fili, wanda na ga ya dace in kira shi dandali. Kowanne sai ya baza jela, ya kumbura wasu jakunkuna biyu masu ruwan ɗorawa a ƙirjinsa har su yi ƙara. Matan su zo su zaɓa, kuma maza kaɗan ne ke dacewa.

Abin lura a nan shi ne, dandali ɗaya suke komawa kowace shekara. Da hunturu kuwa, kusan ba su da abinci sai ganyen wani tsiro dangin tazargade, wanda a ƙarƙashinsa mace ke yin sheƙa. Gobarar daji da noma da haƙar mai sun cinye wuraren da tsiron ke fitowa. Wani rahoton gwamnatin Amurka na 2021 ya nuna yawan tsuntsun ya ragu da kashi 80 cikin ɗari tun 1965.

Ke nan, mai son ceton tsuntsun nan, sai ya fara da kare tsiron da dandalin.