Gandu Da Gayauna: Yadda Majalisunmu Ke Aiki

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ya san bambancin gandu da gayauna. Gandu na gida ne baki ɗaya, gayauna kuwa ta mutum ce shi kaɗai. To, kusan haka mulkin tarayya yake. Sai dai a nan ba maigida ne ke yanka wa kowa rabonsa ba, Tsarin Mulki na 1999 ne.

Majalisar Tarayya tana Abuja, kuma zaure biyu gare ta. Majalisar Dattawa tana da mutum 109, wato uku uku daga jihohi 36, da ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai kuwa mutum 360 ne, bisa yawan jama'a, shi ya sa Kano ke da 24. Ita ko Majalisar Dokokin Jihar Kano zaure ɗaya ce, mai wakilai 40.

Soja da 'yan sanda da kwastan da buga kuɗi, duk na Tarayya ne kaɗai. Ilimi da bunƙasa aikin gona na haɗin gwiwa ne, amma in dokokin biyu suka yi karo, ta Tarayya ake bi. Abin da ba a lissafa ba, kamar sarautun gargajiya, an bar wa jiha. Alal misali, a 2019 Majalisar Kano ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a watan Mayu na 2024 kuma ta soke dokar. Duka biyun a Kano aka yi, ba a Abuja ba.

Shirin doka sai an karanta shi sau uku, kwamiti ya tankaɗe ya rairaye, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa ko Gwamna ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai na iya tabbatar da ita. Haka kuma ba a gyara Tsarin Mulki sai majalisun jihohi 24 sun yarda. Ta haka ne a 2023 jihohi suka sami ikon yin doka kan jirgin ƙasa.

Iyayenmu, ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin gyaran makarantarmu da hanyar kasuwa ba sa fita bisa doka sai majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Amma sau da yawa mun san sunan sanata, ba mu san wakilinmu na jiha ba. Ranar zaɓe a ba mu atamfa da sabulu, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu tambayi wakilinmu abin da ya sa wa garinmu a kasafin bana.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.