Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Son Zama Lauyoyi

 Duk shekara idan lokacin jarrabawar shiga jami'a ya zo, gidaje da yawa a garin nan na Zariya buri ɗaya ne a ransu: yaro ya samu gurbi a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ya karanta shari'a, wata rana a gan shi cikin baƙar riga da hular gashi. Wasu iyayen kuma suna ja da baya. Suna cewa lauyoyi sun yi yawa a ƙasa, kuma sana'ar ta maƙaryata ce. Ku zauna mu duba maganganun nan biyu a tsanake.

Mu fara da yawan. A Amurka akwai lauyoyi kimanin miliyan 1.3, wato kusan kowane mutum 250 suna da lauya ɗaya. A Japan kuwa, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120, lauyoyin da ke tsayawa a kotu ba su wuce kimanin 45,000 ba. Dukansu ƙasashe ne masu arziki da tsari. Amma a Amurkar, duk da wannan cinkoso, talakan da mai gida ya kai ƙara kan kuɗin haya sau da yawa shi kaɗai yake tsayawa gaban alƙali, domin lauyoyin suna can wajen manyan kamfanoni. Japan ita ma ta daɗe tana fama da yankunan karkara masu kotu amma babu lauya ko ɗaya, ko kuma guda tak, har ta buɗe sababbin makarantun horar da lauyoyi a 2004. Ga maƙwabtanmu na Nijar, mafi yawan lauyoyinsu a Yamai suke zaune, mutumin Maraɗi ko Damagaram kuwa sai ya yi ɗawainiya kafin ya samu mai tsaya masa. Ashe abin tambaya shi ne, a ina lauyoyin suke, kuma wa yake iya kaiwa gare su?

Mu a Arewa aikin nan sabo ne a hannunmu. Ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya, Christopher Sapara Williams, a 1879 aka rantsar da shi a Ingila. Arewa ba ta samu nata ba sai 1955, lokacin da Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori ya gama nasa karatun. Kada ku ɗauka rashin shari'a ne ya jawo wannan tazara. Muna da alƙalai masana fiƙihun Malikiyya tun kafin zuwan Turawa, kuma a littafin Tuhfa da suke hukunci da shi akwai babin wakilci, inda mutum kan naɗa wani ya yi magana a madadinsa. Sai dai kotunan En'e ba a yarda lauya ya shiga cikinsu ba, saboda haka kakanninku suka rayu ba su san shi ba. A nan Kongo aka horar da alƙalai kan sabuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, nan sashen shari'a ya zauna.

Garin nan ya ba ƙasa mutanen da za ku yi koyi da su. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ɗan Zazzau ne, ɗan gidan alƙalai, kuma ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Bayan ya yi ritaya, shi ya jagoranci kwamitin gyaran harkar zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2007. 'Yan matanmu kuma, ku riƙe sunan Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta yi karatun ƙuruciyarta a Zariya da Wusasa, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2012.

Yanzu ku dubi unguwanninku. Wani ya sayi rumfa a kasuwar Sabon Gari da magana ta fatar baki, mai sayarwa ya rasu, magada sun ce ba su san zancen ba. Fili guda a bayan Samaru an sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa. Ɗalibai sun biya kuɗin ɗaki na shekara ba rasit, an watso musu kaya a tsakiyar zango. Gida ya shekara ashirin ba a raba gadonsa ba, har jikoki sun daina gaisawa. Yawancin waɗannan rigingimu takarda ɗaya da aka rubuta da kyau, da shaidu, da binciken asalin fili a ofishin KADGIS mai kula da filaye, ta isa ta hana su. Wannan shi ne babban aikin lauya, kuma shi ne wanda mutanenmu ba su sani ba, domin mun saba ba ma nemansa sai bayan an yi sammaci.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne masu jiran shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. A cikinsu akwai wanda zaman da ya yi ya wuce ɗaurin da za a yi masa ko da an same shi da laifin. Alhali sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan tana da nisa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Duk wannan yana rubuce, amma ɗan acaɓa ko ɗan dako bai sani ba, kuma ko ya sani ba shi da bakin faɗa. Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, sai dai ma'aikatanta ba su kai yawan masu buƙata ba. Wanda ya ga wannan ba zai ce lauyoyi sun yi mana yawa ba.

Sai maganar ƙarya. Kare wanda ake tuhuma ba ƙarya ba ce. Aikinka shi ne ka tabbatar mai ƙara ya kawo hujja, kuma an saurari wanda ake ƙara, abin da addininmu ma ya wajabta. Ƙaryar tana shigowa ne idan ka koya wa mai shaida abin da bai gani ba, ko ka yi ta neman a ɗage shari'a don ka gajiyar da mai gaskiya, ko ka taɓa kuɗin da aka ba ka amana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ya san haƙƙin ba nasa ba ne, cewa wuta ce ya ɗauka. Gargaɗin ya haɗa da mai ara masa bakin. A duniya ma akwai kwamitin ladabtarwa da ke soke sunan lauya daga rajista. Idan mutum ya kawo maka ƙarar da ba ta da tushe, ka gaya masa gaskiya ko da zai tafi wajen wani. Idan 'yan uwa ne, ka fara nema musu sulhu, domin kotu takan raba dukiya amma ba ta mayar da zumunci.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo. Shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, ko Bagauda ko Bwari ko wani reshe, sannan bautar ƙasa, sannan shekarun koyon aiki a ƙarƙashin babba da albashin da ba ya isa. Muƙamin babban lauya na SAN da aka fara bayarwa a 1975 kaɗan ne ke samunsa. Ku yi haƙuri da wannan, kuma kada ku yar da Hausarku da Larabcinku. Lauyan da zai iya yi wa tsohuwa bayanin takardar filinta da harshen da take ji, kuma ya tsaya a kotun shari'ar Musulunci ya san ƙa'idar rabon gado, yana da abin da da yawa ba su da shi.

Ku da ba za ku karanta shari'a ba, kada ku biya kuɗin fili ko rumfa ko haya sai an rubuta, kuma wani masani ya duba muku. Ku kuma da Allah ya nufa za ku shiga Kongo, ina roƙonku kada dukanku ku tafi Abuja da Legas. Wasunku su buɗe ofis a nan Sabon Gari da Samaru, kuma kowane lauya a cikinku ya riƙa ɗaukar shari'ar mai jiran hukunci ko da guda ɗaya a shekara, ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Allah ya ba ku ikon yi, ya tsare ku daga cin haƙƙin mutane.