Laifin Jiki da Laifin Dukiya a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Dokar Final Kod, wadda ta soma aiki a Jihar Arewa a 1960, ta ware laifuffukan da ake yi wa jikin ɗan Adam daban, na dukiya daban. Kashi na farko ya ƙunshi kisa, rauni, fyaɗe da sace mutum. Na biyu kuwa sata, fashi, zamba, cin amana da ɓarna. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan rabo: rai da gaɓoɓi hukuncinsu ƙisasi ko diyya, sata da fashi kuwa haddi.

Sai dai laifin da ya addabi Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya ci kashi biyun duka. Garkuwa da mutane ta mai da ɗan Adam haja. Yadda falke ke zagaya sa a kara, ya shafa tozo, ya duba haƙora, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, kana a sallama, haka ake cinikin uwa ko magidanci ta waya daga cikin daji. Laifin na jiki ne, domin an tsare mutum an azabtar da shi. Na dukiya ne, domin sai gona da rumbu sun tafi kafin kuɗin fansa su haɗu. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan gyaran doka mai tanadin hukuncin kisa ga masu garkuwa da ɓarayin shanu. Duk da haka, ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara.

Ɗan bindiga ba ya sanin gidan da aka sayar da hatsi sai an faɗa masa. Mai tsegunta masa, da mai kai fetur da burodi daji, doka ta lissafa su cikin masu taimaka wa laifi. Abin kunya ne mutum ya tsaya sahun gaba a masallaci, da dare ya nuna ƙofar maƙwabcinsa. Don toshe wannan kafa aka hana sayar da fetur a jarka a 2021, aka kuma katse layukan waya a yankin.

Sauran laifuffukan dukiya kuwa sanannu ne. Sata idan aka haɗa ta da ƙarfi ko barazana ta koma fashi. Sakin dabbobi cikin gonar wani da gangan ɓarna ce. Mai sayen saniya da araha alhali ya san ta sata ce, shi ma kotu ke jiransa.