Kwamfutar Yaya

Yaya ɗalibi ne a Jami'ar Doso. Cikin watan Afrilu, ana tsakiyar bazara, ya komo gida Zabori da jaka rataye a kafaɗa. Ya zaro wata na'ura baƙa daga cikin jakar, ya aza ta bisa tebur, ya buɗe. Sai ta rabu biyu kamar littafi: sama gilashi, ƙasa maɓallai masu haruffa.

Auta, wadda take aji huɗu, ta matso kusa.

— Yaya, talabijin ce?

— A'a, Auta, kwamfuta ce. A lakkol kuna jin mushe yana cewa « ordinateur ». Wannan irin, da yake ninke ta ake yi a sa a jaka, ana ce mata tafi-da-gidanka.

Ba sabuwa ba ce, ta hannu ce. Duk da haka sai da Baba ya sayar da raguna biyu kafin kuɗinta su cika. Cikinta kuma akwai aikin da Yaya ya yi shekara guda yana rubutawa, wanda zai miƙa wa malamansa bayan hutu.

Da can kwamfuta ba abin ɗauka ba ce. Wadda aka nuna wa jama'a a Amurka a 1946, mai suna ENIAC, babban ɗaki ta cika, nauyinta ya kusa tan 30. A 1981 aka fito da wata mai mariƙi kamar akwati, sunanta Osborne 1, nauyinta wajen kilo 11. Ta Yaya kilo 2 ce kawai. Tiyar gero ma ta fi ta nauyi.

Ran nan Yaya ya bi Baba sharar gona. Auta ta ɗauko kwamfutar, ta ɗora ta bisa katifa, ta kunna, tana kallon hotuna. Can sai ta ji wani ƙugi daga ciki, fuuu, kamar injin niƙa daga nesa. Ta taɓa gindin na'urar, ta ji zafi kamar murfin tukunya. Kafin ta ankara, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Auta ta tuna da ragunan Baba, ta fashe da kuka.

Da Yaya ya komo, gabansa ya faɗi, amma bai yi faɗa ba. Ya ɗauke kwamfutar daga katifa, ya kai ta inuwa, ya jira ta huce. Bayan rabin awa ya danna maɓalli, ta kama. Ya duba aikinsa, yana nan. Sannan ya kife ta, ya nuna wa Auta wasu ƴan tagogi a gindinta da gefenta.

— Ta nan take numfashi. Kin ɗora ta bisa katifa, kin toshe mata hanci.

Gaskiya ne. Cikin kwamfuta akwai wani ɗan guntun ƙarfe, bai fi farcen babban yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. Idan yana aiki zafi yake yi ƙwarai. Saboda haka aka sa masa ƴar fanka mai jawo iska daga waje, ta fitar da mai zafi. In iska ba ta samu hanya ba, kwamfutar takan kashe kanta don kada ta ƙone. Yawancin masu ƙera su sun yi su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a jihar Doso zafin Afrilu yakan haura 40. To kun ga tamu tana bukatar lallashi. Bisa tebur ake ɗora ta ko bisa faffaɗan katako, cikin inuwa, kuma aikin safe da na dare sun fi na tsakar rana.

Bayan zafi sai ƙura. Da hunturu, iskar da fanka take jawowa cike take da ƙura. Ƙurar tana taruwa a ciki har ta zama kamar auduga, ta toshe hanya. Shi ya sa in an gama aiki ake rufe kwamfuta a mayar da ita jaka. Ana share gilashin da tsumma mai laushi, busasshe. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya hure. Ba a cin abinci a kanta: ɓarɓashin ƙuli-ƙuli yana shiga tsakanin maɓallai, kiyashi su biyo shi. Kofin shayi da kwanon fura kuwa, a nisanta su. In ruwa ya zube mata, a kashe ta nan take, a cire wayar caji, a kife ta, kada a sake kunnawa sai ta bushe sarai, ko da kwana biyu ne.

Gidan su Auta ba a jawo kuran ba. Da faifan hasken rana da batir suke samun wuta. Yaya ya nuna mata wani ɗan akwati baƙi a tsakiyar wayar caji. Wutar bango a Nijar volt 220 ce, kwamfutarsa kuwa volt 19 take sha. Wannan ɗan akwati shi yake rage ƙarfin. Don haka ba kowace caja ake ara a cusa mata ba, sai an karanta lambobin da aka rubuta a jiki an ga sun yi daidai. Idan hadari ya taso ana tsawa, a cire ta daga wuta. Haka ma in za a tayar da janareta, a bari ya daidaita tukuna.

Batirin da ke cikinta irin na wayar salula ne, na sinadarin litiyam, wanda aka fara sayarwa a 1991. Ba ya son zafi, ba ya son a bar shi ya ƙare ƙaf kullum. In ya sauko wajen kashi 20 cikin ɗari, a sa shi caji. Kowane batir tsufa yake yi, bayan ƴan shekaru sai a sake wani. Amma wanda ya kumbura har ya ɗaga maɓallai, wannan haɗari ne. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin wuta.

Da dare Yaya ya ce wa Auta ta rubuta sunan garinsu. Ta nemi harafin Z, ta same shi can sama, kusa da A. Maɓallan wannan kwamfuta jerin Faransa ne, layin farko ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Waɗanda ake sayowa daga Najeriya jerin Ingilishi gare su, suna farawa da Q, W, E, R, T, Y. Ta rubuta « Zabori » da yatsa ɗaya. Da ta zo rubuta « ƙauye », ta rasa ƙ. Ba ya nan, haka ma ɓ da ɗ da ƴ. Waɗanda suka jera maɓallan ba su san Hausa ba. Amma akwai tsarin rubutun Hausa da ake sa wa kwamfuta, kuma Yaya ya sa shi. Ya nuna mata inda ake dannawa, ƙ ya fito da lanƙwasarsa. Abin ba wasa ba ne: wanda ya bar lanƙwasa ya rubuta « kasa » a wurin « ƙasa », ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

— Yaya, in ta tsufa jefarwa za ka yi?

— Ina! Ƙara mata ƙarfi zan yi.

Ma'ajiya biyu gare ta. Ta farko kamar rumbu take, a nan ake tara rubutu da hotuna, ko an kashe ta suna nan. Ta biyu kamar tabarmar da ake baza hatsi a kai ana aiki, sunanta RAM, da an kashe na'ura an kwashe abin da ke kanta. In tabarma ƙarama ce, aiki ba ya sauri. Ta Yaya giga 4 ce, yana son ya mayar da ita 8. Sai dai ba kowace kwamfuta ke karɓar ƙari ba, wasu an liƙe tasu da dalma, kuma iri-iri ne, sai an duba wadda ta dace.

Rumbun nasa kuma tsohon yayi ne, faifai ne mai juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da ƴar allura tana karantawa. Faɗuwa ɗaya tana iya lalata shi. Sabon yayi, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure girgizar babur a hanyar Junju. Shi Yaya zai fara saya in ya samu kuɗi, kafin RAM.

Kafin su kwanta, Yaya ya zaro wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, wanda ake kira « clé », ya soka shi a gefen kwamfutar, ya kwafe aikinsa duka a ciki. Tun da rana yake jin haushin kansa, don wata uku ke nan bai yi haka ba. Ya miƙa wa Inna, ta ƙulle shi a tsumma, ta sa cikin kwallarta.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwamfutar ta mutu a hannun Auta?
2. Ina bambancin « rumbu » da « tabarma » a cikin kwamfuta?
3. Don me Yaya ya ba Inna ajiya, bai bar abin cikin jakar kwamfuta ba?

Lissafi

Cikakken batirin Yaya yana aikin awa 4. Ya yi aikin awa 3. Kashi nawa cikin ɗari ya rage?

Rubutu

Ku nemo kalmomi biyar masu ƙ, ɓ, ɗ ko ƴ waɗanda ma'anarsu take sakewa in an cire lanƙwasa. Ku rubuta su cikin kaye, kowace da fassararta ta Faransanci.