Yadda Ake Auna Yaro Kafin Ya Shiga Firamare

Ya ku iyaye da malamai na ƙasar Potiskum, tun da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, azuzuwan share fage suka yawaita. Amma abin da akasarinmu muke aunawa hadda ce. Yaro ya rera ABC, ya ƙirga har ɗari da Turanci, sai a ce ya iya. Hadda daban, fahimta daban.

Da wane harshe za a gwada shi?

Potiskum gari ne mai harsuna da yawa. Yaro yakan tashi da Ngizimanci ko Karekare ko Bolanci ko Fillanci a ɗakin uwarsa, ya ji Hausa a waje, ya koyi baƙaƙen Larabci a makarantar allo, sannan ya tarar da Turanci a nasare. In aka yi masa tambaya da harshen da bai saba ba ya yi shiru, kada a ce dolo ne. A gwada shi da harshen gida, uwarsa tana kusa. Kalmomin da ya sani a kowane harshe duka nasa ne, a haɗa su a lissafa. Jin harsuna biyu ba ya hana yaro magana.

Abin da za a duba

Na ɗaya, magana. Ɗan shekara 2 yakan haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ni". Ɗan shekara 3 yakan yi tambaya, baƙo ma ya gane yawancin zancensa. Ɗan shekara 4 zuwa 5 yakan ba da labari a jere. A yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a ce ya maimaita.

Na biyu, bin umarni. A aike shi: "Ɗauko buta ka kai wa Baba, ka dawo da tabarma."

Na uku, ƙidaya. A zuba masa gyaɗa, a ce ya ba da uku. Wanda ya ware uku daidai ya fi wanda ya rera har ɗari bai san abin da yake ƙirgawa ba.

Na huɗu, hannu da ido. A ba shi gawayi ko fensir ya zana da'ira. In ya fara rubutu daga dama, kada a tsawata masa. Haka ya gani a allo. A nuna masa boko daga hagu ake farawa.

Yaushe za a je asibiti?

Sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da ruwa sukan rage ji, wanda kuma ba ya ji sosai maganarsa takan yi jinkiri. In yaro ya kai shekara 2 ba ya furta kalma, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya daina faɗin abin da ya iya a da, a kai shi a duba kunnensa. Kada a zauna ana cewa nauyin baki gadon gidansu ne.

Malam, ka yi gwajin cikin wasa, ba bulala, ba gori. Ka rubuta abin da ka gani, ka sake dubawa kowane zango, ka kwatanta yaro da yadda yake a da, ba da ɗan wani ba. Sannan ka kira iyayensa ka gaya musu abin da za su riƙa yi da shi a gida.