Zanzaro mai tsaron hatsi

Manoman Madawa da Buza da Keita sun san murzuna. Tsutsa ce. Wani ƙwaro mai tashi da dare ne ke zuba ƙwai bisa zangarniyar hatsi in ta fito. Tsutsar tana yanke fure, tana kewaya zangarniya. Inda ta bi ba ya yin tsaba. Sai gona ta yi kyau, amma rumbu bai cika ba.

Murzuna tana da maƙiyi, wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Masana na kiran shi Habrobracon hebetor. Macen ce ke aikin. Tana harbin tsutsa ta sandare, sannan ta yi ƙwai a jikinta. Ɗiyan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

A shekarar 2006 ma'aikatan INRAN na Maradi suka fara sakin shi a ƙauyuka. Ana sa shi cikin ƴan buhunna tare da hatsi da tsutsotsi, a rataye a gona. Ba ya harbin mutum. Amma in aka fesa maganin ƙwari, har shi yake kashewa.

Tambaya: Yaya ake gane zangarniyar da murzuna ta ci?