Numfashin Yoga Don Natsuwa Kafin Karatu

Tambaya: Jarrabawa ta matso, amma da na buɗe littafi sai gabana ya riƙa faɗuwa, hankalina ya watse. An ce akwai wani numfashin yoga da ke taimakawa. Yaya ake yin sa? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, akwai shi. Sunansa Nadi Shodhana, daga Indiya ya fito, kuma littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya kawo irinsa.

Ki zauna ki miƙe bayanki, ki saki kafaɗu. Da babban yatsanki na dama ki toshe ƙofar hancin dama, ki ja iska ta hagu kina ƙirga huɗu. Sai ki toshe hagun da yatsan da ke kusa da ƙarami, ki buɗe daman, ki fitar kina ƙirga shida. Ki ja ta daman, ki fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan. Minti biyar ya wadatar.

A ganina wajen fitarwar aikin yake. Idan ta fi shaƙa tsawo, bugun zuciya yakan sauka. Ƙirgar da sauya yatsu kuma suna hana tunani yawo, domin da kin shagala za ki ji kin ɓata lissafi.

Masanan yoga kan riƙe iskar a tsakani. Kada ki kwaikwaye su tukuna, musamman in kina da hawan jini, asma ko juna biyu. Ranar da mura ta toshe miki hanci ki haƙura, in kuma jiri ya taso ki tsaya. Idan faɗuwar gaban ta kai ga hana ki barci ko cin abinci, ki je asibiti a duba ki.